Autana ya ƙi abincin gida, na gaji da ɗora tukunya biyu

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Argungu, 'ya'yana uku. Damuwata autana ne, shekararsa 3 da wata 4. Tun da aka yaye shi cin abinci ya zama yaƙi. Tuwo ba ya ci, miya in ya ga ganye a ciki sai ya ture kwanon. Abin da yake so kawai Indomie, farar shinkafa da mai, biskit da shayi. Kullum girki biyu nake yi, na gida daban nasa daban, ga tsadar kaya, yayyensa kuma sun fara cewa su ma nasa suke so. Muna gida ɗaya da uwar mijina, ta ce in riƙa yi masa ɗura, wai "haka anka yi muna, kuma ga mu." Na yi, yana kuka ina kuka. Babansa kuma ba ya shigowa da yamma hannu rabbana, sai da biskit da lemon roba, wai kada yaro ya kwana da yunwa. Maƙwabciyata ta ba ni sunan wani maganin cin abinci in saya a kemis. Yaron yana wasansa, ba ya ciwo, amma siriri ne. Ki taimaka mini da shawara.
Wata uwa daga Argungu

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanwata, Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka. Inda kika ce yana kuka kina kuka nan ya fi tsaya mini a rai, don haka da ɗurar zan fara, domin ita ce kaɗai a cikin maganarki ba za ta jira gobe ba.

Ki bar ta daga yau. Duk mun san yadda ake yi: a kwantar da yaro a cinya, a danne hannuwansa, a tara tafin hannu a bakinsa a tsiyaya kunu, wani lokaci har a toshe masa hanci don ya haɗiye. Yaron da ke tsala kuka numfashi yake ja da ƙarfi, a daidai lokacin kuma hanyar iska a buɗe take. Kunun da aka nufi ciki da shi sai ya kauce ya sauka huhu. In abin ya zo da sauƙi ya ƙware ya yi ta tari, in ya zo da tsanani ya zama ciwon huhu, ko numfashin ya tsaya nan take. An rasa yara ta wannan hanyar. Ko Allah ya kiyaye wannan, akwai ɓarnar da ba a gani da ido. Yaron da aka danne don ya ci, da ya hango kwano gabansa zai faɗi, kuma mai fargaba ba ya jin yunwa. Ina kyautata zaton wani ɓangare na ture kwanon da yake yi yanzu daga nan ya samo asali.

Kafin mu ce zaɓen abinci ne kawai ke damunsa, ki ɗauki katinsa na rigakafi cikin satin nan ki kai shi awo asibitin unguwarku. Siranta a ido tana ruɗi, wani yaron haka ƙirar gidansu take. Za su ɗora shi a sikeli, su auna tsayinsa, su zagaya damtsensa da ɗan tef mai launi uku da ake auna yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 da shi. In ya faɗa kore, wato santimita 12.5 zuwa sama, hankali ya kwanta. Rawaya, tsakanin 11.5 da 12.5, alama ce jikin ya fara gazawa. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani, kuma wannan maganin asibiti take so, dabarar girki ba za ta isa ba. Ki nemi a duba yawan jininsa da zazzaɓin cizon sauro, don duka biyun suna kashe wa yaro cin abinci, mu kuma da ke zaune bakin ruwa mun san sauro ba baƙonmu ba ne. Ki tambaya ko lokacin maganin tsutsar ciki da ɗigon bitamin A ya yi, tunda duk wata 6 ake ba yara irinsa. A gida kuma ki jawo shi wajen haske ki duba tafin hannunsa da cikin fatar idonsa ko sun yi fari, ki danna saman ƙafafunsa biyu da yatsa ki ga ko wurin zai lotsa, ki lura ko yana cin ƙasa. Ki buɗe bakinsa ma. Yaron da ke kwana da biskit da lemo a haƙora, ba abin mamaki ba ne a sami haƙori ya ruɓe, yana jin zafin tauna bai san yadda zai faɗa ba.

In awo ya yi kyau, kuma yadda kika ce yana wasansa haka nake fata, to sauran maganata ta hau kansa.

Abin da yake yi, yara da yawa masu shekarunsa suna yi, kuma da dalili. Jariri a shekararsa ta farko yakan ninka nauyin haihuwarsa sau uku, daga wajen kilo 3 ya kai 9 ko 10. Da ya wuce shekara 2, abin da yake ƙarawa a shekara guda bai fi kilo 2 zuwa 3 ba. Girma ya lafa, yunwa ma ta lafa. A tsakanin shekara 2 zuwa 6 ne kuma yaro ya fi ɗari-ɗari da duk abincin da bai saba da shi ba, harshensa ya fi namu jin ɗaci da yaji, ga shi ya gano daɗin cewa "a'a". Cikinsa kuwa bai fi dunƙulen hannunsa da yawa ba. Ki dubi wannan ɗan hannun, sannan ki dubi malmalar da kike ajiye masa. Ƙaramar ledar Indomie, da biskit, da lemon roba ɗaya sun isa su cinye babban kaso na abin da jikinsa ke nema a yini. Yaron nan ba yunwa yake kwana da ita ba, ƙanwata. A ƙoshe tuwon dare yake samunsa, sai dai ƙoshin abin da ba ya gina jiki sosai.

Akwai wata masaniyar abincin yara 'yar Amurka, Ellyn Satter, da ta yi suna kan raba aikin ciyarwa gida biyu, kuma ni na gamsu da rabon. Iyaye su ke da ikon abin da za a ci, da lokacin ci, da wurin ci. Yaro shi ke da ikon zai ci ko ba zai ci ba, da yawan da zai ci. A gidanku an yi musaya. Shi yake zaɓar abin da za a dafa, ke kuma kina kokawa da shi kan loma nawa za ta shiga. Ki karɓe naki, ki sakar masa nasa. Tukunya ɗaya za a ɗora wa gida duka, abin da ya shiga cikinsa daga tukunyar nan kuwa ki bar masa.

Na san abin da za ki ce: in ya ƙi fa? Zai ƙi, musamman kwanakin farko. Shi ya sa kowane zama ki tabbatar akwai abu ɗaya a tabarma da kika san yana ci, amma daga cikin girkin gida, ba wanda aka tashi aka dafa masa don ya yi kuka ba. Ku zauna minti 20 zuwa 30. In ya ci, madalla. In bai ci ba, ki ɗauke kwanon ba faɗa ba lallashi, ki ce "to, sai an jima." Daga nan ruwa kawai har lokacin ci na gaba. Ci uku a yini da ɗan abin taɓawa sau biyu a tsakani, tazarar awa 2 zuwa 3, kin ga ba zai taɓa daɗewa ba a kawo wani abu ba. Yaron da sikeli ya ce lafiyarsa lau, tsallake ci ɗaya ba zai cutar da shi ba. Kada ki auna cinsa da yini guda. Yau ya tsakura, gobe ya ci kamar ba shi ba. A sati ake gane gaskiyar cin yaro.

Yanzu tukunyar. Ba daga miyar zogale za ki faro ba, daga abin da ya riga ya yarda da shi za ki taka, ki riƙa matsawa kaɗan-kaɗan. Yana son farar shinkafa da mai, ku kuma a Kebbi shinkafa a ƙofar gida take. Ranar da aka yi shinkafa da wake, nasa kwanon ki bar shinkafar ta rinjaya, wake 'yan ƙwayoyi, ki zuba masa manja maimakon farin mai wani lokacin, don manja na ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Bayan kwana biyu waken ya ƙaru. Tuwon da za ki fara gwada shi da shi na shinkafa ne, ba na dawa ba, tunda ɗanɗanon da ya sani ne, fari ne, mai laushi. Ki yanko masa ɗan ƙarami, abin da bai fi loma huɗu ba, gara ya cinye ya ce a ƙara da ya ga tuli ya karaya. Miyar kuma kada ki kwarara a kan tuwon. Ki sa ta a ɗan kwano gefe, ya dangwala da kansa ko ya bari. Yara masu irin halinsa ba sa son a cakuɗa musu abu, suna so su ga me ke shiga bakinsu.

Dabarar da za ta raba ki da girki biyu ita ce yaji. Ki haɗa miyarki yadda kika saba, da daddawa da albasa da komai, amma ki ɗebi ta yara kafin ki zuba attaruhu ko barkono. Ludayi biyu ne a ɗan kwano, ba wata tukunya ba. Sau da yawa abin da muke kira ƙin miya ƙin yaji ne. Ki fara da miya mai santsi wadda ganye ba ya yawo a ciki: taushe da kabewa ta nuna ta narke, wadda ke da ɗan zaƙi-zaƙi, ko miyar gyaɗa, ko kuka, ko busasshiyar kuɓewa. Garin busasshen zogale cokali ɗaya zai shige cikin miyar kuka ba a gani. Wannan ba laifi, amma kada ki tsaya nan, ranar da kuka yi kwaɗon zogale ko na rama ki ɗan sa masa tsinke biyu a gefen kwano, ko bai taɓa ba. Masu nazarin cin yara sun nuna sabon abinci yakan kai sau 10 zuwa 15 ana kawo wa yaro kafin ya yarda da shi, mu kuma sau biyu muke gwadawa mu yanke hukunci cewa ba ya so. Gani ma sabo ne, taɓawa ma, lasa ya tofar ma ci gaba ne.

Ɗan Argungu kuma bai kamata kifi ya wuce shi ba. Tarwaɗa ta fi sauƙin ƙaya ga yaro. Ki ɓare tsokar, ki murje ta tsakanin yatsunki a faranti, ki sake bi a karo na biyu a wajen haske, sannan ki cuɗa da shinkafarsa. In ɗanye ya yi tsada, busasshe ki cire ƙaya ki daka ya zama gari, ki riƙa barbaɗawa a miya. Hanta ɗan yanki sau ɗaya a sati tana ƙara jini. Ƙwai kuwa ki ba shi, maganar da ake yi cewa yaro mai cin ƙwai zai tashi da sata ba ta da tushe. Alala, ɗanwake, awara da ƙosai duk wake ne da ya sauya kama, kuma yara sun fi karɓar abin da za su riƙe a hannu su gutsura.

Karin safe nan ne nake so ki fi canzawa. Ganyen shayi yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci, wanda shi ke gina jini, ga sukari da ke toshe ciki. Ki mayar da gidan kan koko da ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko waina. Akwai haɗin da ma'aikatan lafiya ke koya wa mata, wanda ake kira Tom Brown: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama a niƙa tare. Niƙa ɗaya zai kai ku kwanaki, yayyensa ma su sha kafin makaranta. Abin taɓawa na hantsi da na la'asar kuma ya zama abinci na gaske: fura da nono mai tsabta, dafaffen dankalin Hausa, gwanda, kankana, gwaiba, mangwaro in lokacinsa ne. Gyaɗa da aya ƙwaya-ƙwaya dai ki dakata da su har ya kai shekara 5, suna iya sarƙe yaro. Ki ba shi a niƙe.

Indomie ba sai ta bar gidan ba. Ki mayar da ita girkin kowa, sau ɗaya a sati, da ƙwai da karas da kabeji, ki rage garin ɗanɗanon da ke cikin ledar saboda gishirinsa. Da ta zama ta kowa, ƙorafin yayyensa ya ƙare. Su ma ai gaskiya gare su, yaro yana gani in ana fifita wani.

Wajen zama kuma ga yadda na fi so. Al'adarmu ta haɗa yara a tire ɗaya tana da amfani, don yaro ya fi koyon ci daga ganin yayyensa fiye da daga bakin uwa. Amma mai jan ci a tire ɗaya kafin ya yi loma uku an sheƙe, ke kuma ba ki san me ya ci ba. To tabarma ɗaya, lokaci ɗaya, kwanonsa daban. A kashe talabijin, a ajiye waya. Ki sa shi aiki ma kafin a sauke: ya tsinke miki ganyen zogale, ya wanke tumatir, ya ɓare dafaffen ƙwai. Abin da hannunsa ya taɓa ya fi saurin kai shi baki. Ki bar cewa "in ka ci tuwo zan ba ka biskit", don kin koya masa ke nan tuwo wahala ne biskit lada. A bar tsorata shi da dodo ko allura. Ki kuma roƙi mutanen gida su daina faɗi a gabansa cewa shi ba ya cin komai, yana ji, kuma zai riƙe sunan.

Maigida kuwa ƙauna ce ta sa shi, kada ki tare shi da laifi. Ki same shi bayan yara sun kwanta, ki nuna masa katin awo, ki ce masa tsarabar ba za a daina ba, lokacinta da irinta za a sauya. Kuɗin biskit da lemon ya sayo ayaba ko lemon ɓawo ko ɗan tsire, a ajiye sai an ci tuwo a raba wa yaran duka, wanda ya cinye da wanda bai cinye ba. In ma zai yiwu ya riƙa zama da su wajen cin dare ko sau biyu a sati, za ki sha mamakin abin da yaro namiji zai ci don ya ga babansa na ci. In bai shigo cikin shirin nan ba, duk abin da kika gina da rana zai rushe da magariba, don haka da shi za ki fara magana tun kafin ki sauya komai a tukunya.

Hajiya kuma ba ke za ki ce mata ta yi kuskure ba. Tsoron rama take yi wa jikanta, kuma mutanen zamaninsu sun ga yunwa da idonsu. Ki bar ɗanta ya gaya mata cewa ma'aikatan asibiti sun hana ɗura saboda huhu, in da hali ma ku tafi awon tare ta ji da kunnenta. Sannan ki ba ta matsayi a cikin shirin: "Inna, a gabanki zai riƙa cin na rana, ya fi jin maganarki." Akwai kuma abin da na san zai shige ta. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. An taɓa kawo masa naman damo ya janye hannunsa, ya ce ba haram ba ne, sai dai ba abincin ƙasar mutanensa ba ne, Khalid bin Walid ya ci a gabansa. Da Umar bin Abi Salama yana yaro hannunsa na yawo a akushi, abin da ya ce masa shi ne ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci na gabansa. Ladabin ci ya koya masa, da taushin murya. Wannan shi ne abin da za ku nema wajen autanku: ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya zauna da mutane, kada ya ce wa abinci "ƙazanta". Wanda bai so ya bar shi a gefen kwano.

Maganin maƙwabciya kada ki saya. Yawancin ruwan maganin cin abinci da ake sayarwa a kemis suna ɗauke da siproheptadin, wanda asalinsa maganin ƙaiƙayi da atishawa ne; yunwar da yake sawa tana zuwa da kasala da barci, kuma da an daina sha ake komawa gidan jiya. Haɗe-haɗen ƙiba irin su sha-ka-fashe sun fi wannan haɗari, suna kumbura fuska a zaci ƙiba ce, suna raunana garkuwar jiki. In gwaji ya nuna jininsa ya yi ƙasa, likita zai rubuta abin da ya dace da nauyinsa.

Ki sa ran satin farko zai yi wuya. Zai yi kuka, zai je ɗakin Hajiya neman ceto, wata rana zai kwanta da ɗan abin da bai kai ya kawo ba, ke kuma zuciyarki za ta ce ki tashi ki ɗora ruwan Indomie. Ki daure, ki tuna da safe akwai kunu. Ki riƙa mayar da shi awo duk wata, a rubuta a kati. In wata biyu suka wuce nauyinsa na raguwa ko ya tsaya cak, ko abincin da yake yarda da su suna ƙara raguwa maimakon ƙaruwa, ko yana yunƙurin amai da ya ji wani abu a harshensa, ko kin lura maganarsa ta yi baya da ta sa'o'insa, to ki nemi a tura ku wajen likitan yara, ko a babban asibitin Argungu ko a Birnin Kebbi. Zazzaɓi, gudawa da ta ƙi tsayawa, ko kumburin ƙafa kuwa ba a jiran wata, ranar za ki kai shi.